Isuhu Biyu da Aka Haifa Ɗaya ga Watan Ɗaya

Da sunan Allah nake farawa. Kafin in shiga labari, ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri a kan rubutuna. Ban riƙi alƙalamin boko ba sai da na haura shekara arba'in da biyar, a ajin yaƙi da jahilci, kuma har yau nakan yi tuntuɓe idan kalma ta yi tsawo. Abin da ya ba ni ƙarfin halin rubutawa shi ne, na ba da wannan labari a majalisarmu bayan sallar la'asar, aka yi kwana uku ana gardama a kansa ba a daidaita ba, sai dattawa suka ce in sa shi a takarda domin waɗanda suka fi mu sani su yanke hukunci. Ni mai gadi ne a wani bene a Sabon Garin Zariya. Wani sashe na abin da zan faɗa da idona na gani, saura kuwa daga bakin waɗanda abin ya faru da su na ji shi.

A saman benen nan akwai ɗaki biyu da wasu samari uku suka kama haya, abokan juna tun makaranta: Jazuli da Tasi'u da Ɗayyabu. Suna gama karatu suka kafa ƙaramin kamfani, suka haɗa manhajar waya da suka sa wa suna Maƙwabci. Aikinta shi ne, idan asibiti na neman jini da gaggawa, ma'aikaci ya rubuta irin jinin da ake so, ita kuma ta fito da sunan mutumin da ya fi kusa cikin waɗanda suka yi alkawarin bayarwa, da lambar wayarsa da unguwarsu. Niyyarsu mai kyau ce ƙwarai. Ƙanwar Ɗayyabu a kan gadon asibiti ta rasu ana yawon nemar mata jini, kuma daga wannan rashi ne tunanin ya fito.

Sun raba aiki a tsakaninsu. Jazuli shi ne mai gina manhajar a kwamfuta. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, amma bai taɓa gina abin da ran mutum zai rataya a kansa ba, kuma rabin iliminsa daga darussan bidiyo ya tsince shi. Tasi'u shi ne mai yawo, kasuwa-kasuwa da masallaci-masallaci, tare da wani ma'aikacin lafiya mai gwada jini, yana lallashin mutane su yi rajista. Ɗayyabu shi ne shugaba kuma bakinsu, mai ganawa da asibitoci da masu zuba jari.

Tun kafin su fito da manhajar, wata ƙwararriya mai suna Injiniya Murjanatu, wadda ta shekara goma sha biyar tana irin wannan aiki, ta zo ta duba musu saboda zumuncin da ke tsakaninta da mahaifiyar Ɗayyabu. Ni na kai musu ruwan sha, na ji abin da aka faɗa.

Ta ce, "Jazuli, da me manhajarka take bambanta mutum da mutum?"

Ya ce, "Da suna da ranar haihuwa, Anti. Haka na ga ana yi."

"Ana yi a ina?"

"A darasin da na bi."

"Mai darasin ya taɓa cin kasuwar ƙauye a ƙasar nan?" Ta juya ta dube su duka. "Ku ba kowane mutum lambarsa shi kaɗai. Ku riƙa adana tsohon bayani kafin sabo ya hau kansa. Kuma ku ɗauki ko mutum ɗaya ne wanda ya taɓa yin kuskure ya ga abin da ya haifar. Ku ba abin nan wata uku."

Ɗayyabu ya yi dariya ya ce, "Haba Anti, wata uku? Gasar sababbin kamfanoni saura mako biyar. Mu fito tukuna, gyara ya biyo baya."

Ta ce, "Gyara a jikin wa?" Ta ɗauki jakarta ta sauka.

Sun shiga gasar, sun kuma ci. Aka ɗauki hotonsu, sunansu ya bazu, asibitoci suka soma kira. Da aiki ya yi yawa, Ɗayyabu ya ɗauko ɗalibai uku da ba su gama makaranta ba domin su taimaki Jazuli, tun da su ba su da tsada. Ɗaliban nan suna tsoron taɓa abin da suka tarar, sai dai su ɗora sabo a kan tsoho.

A nan zan bayyana inda ɓarnar ta shiga. Duk wanda ya san mutanenmu ya san yawancin manya ba su riƙe ranar haihuwarsu ba. Ni kaina abin da aka gaya mini shi ne, an haife ni shekarar da fara ta cinye dawa a garinmu. Idan Tasi'u ya tambayi mutum, sai ya ce, "Zan yi kamar arba'in." Manhaja kuwa ba ta wucewa gaba sai an cika rana da wata da shekara. Saboda haka Tasi'u ya riƙa yin abin da ake yi mana a kowane ofis: ya rubuta ɗaya ga watan ɗaya, ya ƙiyasta shekara. Bai gaya wa Jazuli ba domin bai ɗauka magana ce ba. Jazuli bai tambaya ba domin bai san akwai abin tambaya ba.

A kasuwar Tashar Ɗorawa, a hanyar Giwa, Tasi'u ya yi wa wani mahauci rajista, sunansa Isuhu Haruna. Jininsa irin mai wuyar samu ne, wanda likitoci ke kira O nagetif. Bayan wata biyar ya yi wa wani mai faci rajista a Kwangila, shi ma Isuhu Haruna, shi ma kamar arba'in, amma jininsa irin na yawancin mutane ne. Manhaja ta ga suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, ta ɗauka mutum ɗaya ne ya sake waya ya sake gida. Ta goge lambar mahauci da garinsu, ta sa na mai faci. Irin jini kuwa ta bar na mahauci, domin Jazuli ya kulle wannan gurbi kada a taɓa shi, a tunaninsa taka tsantsan ya yi. Sannan ta aika wa tsohuwar lamba saƙo mai layi ɗaya: "An cire ka daga jerin masu ba da jini." Babu dalili, babu sallama.

Mahauci Isuhu bai iya karatun boko ba. Ya miƙa wayar ga wani a rumfar mahauta, aka karanta da ƙarfi. Kafin kasuwa ta watse, magana ta zaga cewa 'yan boko sun gano cuta a jininsa. Masu sayen nama suka soma tsallake teburinsa. Abokan sana'a suka daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Samarin nan uku ba su san an yi haka ba.

Aka yi wata shida. Wata Alhamis cikin damina, Karimatu, matar Malam Shitu maɗinki, ta haifi ɗa namiji da hantsi a wani ƙaramin asibiti a hanyar Giwa, sai jini ya ɓalle mata. Jininta irin mai wuyar samun nan ne. Aka gwada mijinta da 'yan'uwanta biyar, babu wanda ya dace. Aka samo leda ɗaya daga babban asibiti, aka ƙara mata, ba ta isa ba. Likita ya ce idan ba a sami ƙari ba kafin rana ta faɗi, sai dai addu'a. Nas ɗin da ke kula da ita, Sista Rahila, ta buɗe Maƙwabci. Suna ɗaya tak ya fito: Isuhu Haruna, Kwangila. Aka kira shi, bawan Allah ya bar taya a buɗe ya hau acaɓa ya zo. Aka gwada, ba shi ba ne. Wajen awa biyu sun tafi a banza.

Ina bakin matakala lokacin da Sista Rahila ta bugo ofis, domin Jazuli ya buɗe muryar wayar kowa na ji.

Ta ce, "Kai ne mai Maƙwabci? Manhajarku ta aiko mana mutumin da jininsa daban ne da abin da kuka rubuta. Da ba mu sake gwadawa ba, da yanzu da hannunmu mun gama da ita. Matar nan leɓɓanta sun yi fari. Idan da gaske akwai mai jinin nan, ku nemo mini shi. Idan babu, ku gaya mini yanzu in daina sa wa mijinta rai."

Ɗayyabu ba ya nan a ranar. Yana wani otal a cikin gari tare da masu zuba jari da suka zo daga Abuja, za a sa hannu a takardar da za ta kai Maƙwabci jihohi uku.

To, ga abin da Jazuli ya yi. Ya bincika manhajar ciki da bai, bai sami tsohon bayani ba, domin ba su taɓa adana shi ba. Ɗaliban nan suka ce babu dabara.  Jazuli ya tashi ya wanke fuska, ya dawo ya zauna. Can ya tuna cewa duk wanda ya yi rajista ana aika masa saƙon maraba, kuma akwai wurin da saƙonnin da aka aika suke taruwa. Dubbai ne, a hargitse, domin bai taɓa tsara su ba. Nan take ya rubuta wata 'yar dabara ta tace su. Kafin a kira azahar sunan ya fito sau biyu, da lamba biyu, da rana biyu. Ya buga tsohuwar lambar, aka ce ba ta aiki, domin mahaucin ya karya layin saboda baƙin ciki. Jazuli ya dubi Tasi'u ya ce, "Mutum biyu ne, Tasi'u. Na haɗe mutum biyu. Na farkon ban san garinsu ba. Abin da nake da shi kawai, ka yi masa rajista ranar Alhamis ta biyu a watan bakwai na bara."

Ga kuma abin da Tasi'u ya yi. Ba shi da littafi, ba shi da wata takarda. Ya rufe ido ya tsaya a tsakar ɗaki yana lissafa kasuwannin da ke ci ranar Alhamis. Sai ya ce, "Tashar Ɗorawa! Mahaucin nan ne da ya ba ni tsire, ya ce idan jininsa ya yi tsada in dawo mu yi ciniki." Ya sauko da gudu ya hau babur, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya isa kasuwar ya tarar da teburin Isuhu a kife. Sarkin Fawa ya gaya masa mutumin ya bar fawa, ya koma gonarsa a ƙetaren rafi. Rafin ya cika ya batse, mutane na tsaye a gaɓa suna jiran ya sauka. Tasi'u bai iya iyo ba. Ya sa waya a cikin hula, ya ɗora hula a kai, ya shiga. Ruwa ya kai masa ƙirji, ya kwashe masa takalma, sau biyu yana kayar da shi. Ya fita ya bi kunyoyin masara ba takalmi har ya sami mutumin yana huɗa.

Isuhu ya ɗago ya ce, "Au, kai ne? Mai cewa jinina zinariya ce? Wata shida ke nan ko ƙashi ba a saye a hannuna. Matata ma sai da 'yan'uwanta suka tafi da ita aka gwada ta."

Tasi'u ya ce, "Malam Isuhu, mace ce a bakin mutuwa, ga jariri ko nono bai sha ba."

"Allah ya ba ta lafiya. Ai jinina mai cuta ne, ku kuka faɗa."

"Wallahi ba mu faɗa ba."

"To me kuka faɗa? An cire ka. Ana cire lafiyayye?"

Tasi'u ya durƙusa a cikin laka ya yi masa bayani tun daga farko. Isuhu ya jingine garmarsa. Ashe shi kansa ya soma yarda cewa yana da cutar, yana tsoron ya je a sake gwadawa a koro shi a gaban mutane, ko ya ba matar abin da zai ƙarasa ta. Ya ce, "Kai ɗan aike ne, kuma bakinka da zaƙi, na sani. Zan bi ka zuwa kasuwa, ba zan wuce nan ba. Mai kamfanin da ya aiko saƙon nan ya zo ya tsaya inda aka karanta shi, ya rantse a gaban Sarkin Fawa cewa jinina lafiya yake. Idan ya yi, ku kwashe duk abin da kuke so." Isuhu ne ya riƙe hannun Tasi'u suka ƙetaro rafin.

Ga kuma abin da Ɗayyabu ya yi. Wayar Tasi'u ta same shi an riga an shimfiɗa takarda a tebur. Babban baƙin, wani dattijon Alhaji, ya ga fuskarsa ta canza, ya ce, "Lafiya, yarona? Sa hannu ka je, minti biyar ne." Da Ɗayyabu ya ce matsalar gida ce, da babu mai ƙara tambayarsa. Amma ya gaya musu gaskiya duka, har da inda za shi da abin da zai faɗa. Alhajin ya ce, "Ka aika wani ya lallashe shi a ɓoye. Idan maganar nan ta fita kasuwa, ba mu ba kai." Ɗayyabu ya ajiye biro ya fita.

Ya isa Tashar Ɗorawa bayan la'asar, ruwa ya ɗauke, kasuwa ta cika. Ya hau kan teburin Isuhu da manyan kayansa, mutane suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ya ce, "Jama'a, sunana Ɗayyabu, ni ne shugaban Maƙwabci. Jinin Malam Isuhu lafiya lau yake."

Wani tsohon mahauci ya ce, "Ɗaga murya, ɗan boko! Saƙonku ma har ƙarshen kasuwa ya kai!"

Ya ɗaga murya ya maimaita. Ya ce, "Mu ne muka gina abin da ba mu ƙware a kansa ba. An gargaɗe mu, ni na ƙi ji saboda gaggawa. Manhajarmu ce ta yi kuskure ta ɓata masa suna, ba shi da laifin komai." Sarkin Fawa ya ce ya rantse, ya rantse. Sai Sarkin Fawa ya sa aka ɗebo ruwa a moɗa, ya miƙa wa Isuhu ya sha, shi kuma ya karɓa ya shanye sauran a gaban kowa. Isuhu ya shiga motar Ɗayyabu da lakar gona a ƙafarsa.

Aka gwada jinin, ya dace. Ana kiran magariba Karimatu ta buɗe ido ta tambayi ɗanta.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne. Bidiyon kasuwa ya zaga gari kafin Juma'a. Mutanen Abuja suka koma ba su waiwayo ba. Asibitoci huɗu suka daina amfani da manhajar. Jazuli ya sake tacewa ya gano mutum tamanin da wani abu da aka haɗe da waɗansu haka. Dole suka rufe Maƙwabci domin su rushe su sake gini daga tushe, suka sallami ɗaliban, suka mayar da ɗaki ɗaya.

A rana ta huɗu da haihuwa, Malam Shitu ya zo da goro a ƙunshe, na raka shi sama. Ya ce lokacin da yake zaune a barandar asibiti ya yi wa Allah alkawari cewa duk wanda ya zama sanadin ceton matarsa, sunansa za a raɗa wa yaron. Ya fara zuwa wurin mahauci, amma Isuhu ya ce masa, "Don Allah kada ka ƙara wa duniya wani Isuhu. Mu biyu ma ka ga abin da muka jawo. Ni jini kawai na bayar, kuma sai da aka roƙe ni. Je ka wurin yaran da suka nemo ni."

Malam Shitu ya ce, "To, samari, ga ni. Ranar Alhamis liman zai tambaye ni suna, kuma suna ɗaya zan faɗa. Wane ne a cikinku?"

Jazuli ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni na gina abin da ya kusa kashe ta."

Ɗayyabu ya ce, "Ni na hana a gyara."

Tasi'u ya ce, "Ni kuma na haifi rabin Zariya a rana ɗaya. Amma Baba, idan don daɗin kira ne, ka san Tasi'u ya fi sauƙi a baki."

Ɗayyabu ya ce, "Kai dai ka fara sayen takalmi tukuna." Aka yi dariya, har da Malam Shitu.

Sannan maɗinkin ya gyara zama ya ce, "Duk na ji wannan, na ga bidiyon. Ban zo tambayar wanda ya ɓata ba. Na zo tambayar wanda ya ceto."



A majalisarmu, waɗansu sun ce Jazuli, domin ba don ya tono ranar nan daga cikin dubban saƙonni ba, da ba a ma san akwai Isuhu na biyu ba, kuma shi ya fara furta laifinsa alhali yana iya cewa gwajin farko ne ya yi kuskure. Waɗansu sun ce Tasi'u, domin rana a kan kwamfuta ba ta ba da jini, sai wanda ya riƙe fuskokin mutane a zuciyarsa, kuma shi kaɗai ne ya sa ransa a ruwa. Waɗansu sun ce Ɗayyabu, domin an gano mutumin, an kawo shi kasuwa, amma da bai motsa daga nan ba, kuma shi ya zubar da abin da suka shekara biyu suna nema da girmansa a gaban jama'a. Wani dattijo ya ce a fara auna laifin kowa a cire daga ladansa. Da aka soma aunawa sai gardama ta koma sabuwa, domin an kasa yarda ko rashin sani ya fi nauyi, ko rashin faɗa, ko ƙin ji.

An yi suna, na je, na ci goro, na kuma san sunan da aka raɗa. Amma ba zan rubuta shi ba, kada zaɓin Malam Shitu ya rinjayi naku. Inda kuka ga na karkace a harafi ko a jimla, ina roƙonku ku gyara mini, ba zan ji haushi ba. Abin da nake nema a wurinku bayan wannan shi ne amsa. Da ku ne uban yaron nan, liman ya juyo ya ce ku faɗi suna, tsakanin Jazuli da Tasi'u da Ɗayyabu, wane ne za ku yi wa takwara?